Darasin Houston: Wace shaida ma'aikacin laburare zai kawo kafin a soke kujerarsa?

A watan Yulin 2023, 'yan makonni bayan gwamnatin jihar Texas ta karɓe ragamar makarantun gwamnati na birnin Houston a Amurka, sabon shugaban da ta naɗa musu, Mike Miles, ya sanar da soke muƙamin ma'aikacin laburare a makarantu 28. Littattafan za su ci gaba da zama a kan kantoci, amma ɗakunan za su koma wuraren da ake tura ɗalibai, ciki har da waɗanda suka hana aji zaman lafiya, su zauna su bi darasi ta kwamfuta. Makarantun da abin ya shafa suna unguwannin talakawa ne, kuma mafi yawan ɗalibansu baƙar fata ne da 'ya'yan al'ummomi masu asali daga Latin Amurka.

Iyaye da malamai sun yi zanga-zanga. Magajin garin Houston na lokacin, Sylvester Turner, ya soki matakin a bainar jama'a. Miles bai janye ba. Hujjarsa ita ce yaran waɗannan makarantu sun daɗe a baya wajen karatu, kuɗin da yake hannunsa ƙididdigagge ne, don haka zai zuba shi a koyar da karatu cikin aji da ƙara wa malamai albashi. Bayan shekara guda, a watan Agustan 2024, hukumarsa ta ce bisa lissafinta makarantun da ke da maki D da F, wato matakai biyu na ƙasa a ma'aunin jihar, sun ragu daga 121 zuwa 41.

Wanda ya rufe laburare ya zo gaban jama'a da alƙaluma. Waɗanda suka tsaya kare shi sun zo da labaran yadda laburare ya sauya rayuwarsu, da kuma binciken da aka yi a wasu jihohi. Labaran gaskiya ne, binciken ma yana da nauyi, amma a teburin da ake yanka kasafin kuɗi tambaya ɗaya ake yi: me yaran wannan makaranta suka iya a bana saboda aikin wannan ma'aikaci? A cikin hayaniyar da aka yi a Houston, amsar wannan tambaya ba ta fito da ƙarfi ba.

Kujerar da aka fi saurin sokewa

Houston ba ita ce farau ba. A 1991 makarantun gwamnati na birnin Philadelphia suna da ma'aikatan laburare 176. Kafin a cika shekara 30 adadin ya faɗo ƙasa da 10, a makarantu fiye da 200. Wani bincike na ƙasa baki ɗaya da Keith Curry Lance da Debra Kachel suka jagoranta, wanda rahotonsa ya fito a 2021, ya gano cewa tsakanin 2010 da 2019 Amurka ta yi asarar kusan kashi 20 cikin 100 na muƙaman ma'aikatan laburaren makaranta, kuma a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 hukumomin makarantu 3 cikin kowane 10 ba su da ma'aikacin laburare ko ɗaya. Asarar ta fi tsanani a yankunan talakawa da ƙananan hukumomin makarantu.

Dalilin da ya sa wannan kujera ta fi saukin sokewa a fili yake. Idan aka cire malamin lissafi, washegari za a ga aji babu kowa a gaban allo, iyaye su taso. Idan aka cire ma'aikacin laburare, ɗakin yana nan, littattafai suna nan, ba wani ajin da aka bari a buɗe. Ɓarnar ba ta bayyana sai bayan shekaru, kuma idan ta bayyana babu mai iya danganta ta da ranar da aka soke muƙamin. Ga kuma tsarin auna makarantu a Amurka, wanda tun dokar ilimi ta tarayya da aka sa wa hannu a 2002 ya rataya a kan sakamakon jarrabawar karatu da lissafi ta kowace shekara. Shugaban makaranta yana kwana yana tashi da waɗannan alƙaluma. Duk ma'aikacin da ba a iya ganin hannunsa a cikinsu, shi ake fara dubawa idan kuɗi suka ja baya. Dokar da ta maye gurbin waccan a watan Disambar 2015 ta ambaci laburaren makaranta, ta kuma ba da damar kashe kuɗin tarayya a kansa, sai dai ba ta wajabta wa kowace makaranta ɗaukar ma'aikaci ba.

Abin da bincike ya nuna, da inda ya tsaya

Masu kare laburare suna da abin faɗa. A 1993 Lance da abokan aikinsa suka fitar da bincike kan makarantun jihar Colorado, inda suka nuna cewa makarantun da ke da isassun ma'aikatan laburare da wadatattun littattafai sun fi samun maki a jarrabawar karatu. An sake yin irin wannan bincike a Colorado a 2000, sannan a jihohi fiye da 20, kuma sakamakon ya riƙa fitowa iri ɗaya ko da an cire tasirin talauci daga lissafin. Binciken jihar Pennsylvania na 2012 ya ƙara da wani abu mai muhimmanci ga batun Houston: amfanin samun ƙwararren ma'aikaci na cikakken lokaci ya fi fitowa a kan 'ya'yan talakawa da baƙar fata da masu buƙata ta musamman, kuma ya fi ƙarfi a rubutu fiye da karatu.

A jihar Ohio kuwa, Ross Todd da Carol Kuhlthau na Jami'ar Rutgers sun bi wata hanya. A 2003 suka tambayi ɗalibai 13,123 daga makarantu 39 yadda laburare ya taimaki karatunsu, sama da kashi 99 cikin 100 suka ce ya taimake su ta wata fuska.

Duk da haka, mai gaskiya ba zai ɓoye raunin waɗannan hujjoji ba. Binciken irin na Colorado yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne, bai tabbatar da cewa ɗayan ne ya haifi ɗayan ba. Makarantar da shugabanta ya damu ya ɗauki ƙwararren ma'aikacin laburare, mai yiwuwa shi ne kuma ya damu ya nemo nagartattun malamai, kuma ba kowane irin wannan bambanci lissafi ke iya cirewa ba. Makarantun Ohio 39 kuma an zaɓo su ne tun farko saboda an san laburarensu na aiki da kyau, don haka amsar ɗalibansu tana gaya mana abin da laburare nagari kan iya yi, ba abin da kowane laburare ke yi ba. Sannan abin da ɗalibi ya ce ya amfana da shi daban, abin da ya iya yi idan aka gwada shi daban.

Todd, wanda ya rasu a 2022, ya fahimci wannan giɓi, kuma ya shafe shekaru yana jan hankalin ma'aikatan laburare a kansa. Ya raba shaida gida uku: wadda bincike ya tanada domin ta jagoranci aiki, wadda ma'aikaci ke lura da ita yayin da yake aikin, da wadda ke nuna abin da aikin ya haifar a kan ɗalibai. Ta ukun ita ce mafi ƙaranci a hannun ma'aikata, kuma ita ce kaɗai shugaban makaranta ba zai iya kawar da ita da cewa “wannan a wata jiha aka yi” ba.

Ƙirgen littattafai bai isa ba

Rahoton da ma'aikatan laburare suka saba rubutawa yana cike da ƙirge: littattafai kaza aka ara, ɗalibai kaza suka shigo, azuzuwa kaza suka yi darasi a ɗakin. Wannan yana nuna ɗakin yana da zirga-zirga. Bai nuna an koyi komai ba, kuma yana ba mai neman rage kuɗi makami, domin zai ce ƙaramin ma'aikaci mai rabin albashi, ko ma na'ura, zai iya ba da aron littafi ya karɓa. A Houston ma abin da aka ce ke nan: littattafai suna nan, yara su ɗauka da kansu.

Shaidar da ke tsayawa a gaban masu kasafi tana farawa ne da zaɓen abu ɗaya da ake son yara su iya, a aji ɗaya, cikin zangon karatu ɗaya, kuma a zaɓe shi daga cikin abin da makarantar da kanta ta ce shi ne matsalarta. Idan damuwar shugaban makaranta ita ce yaran aji huɗu ba sa fahimtar abin da suka karanta, to nan ma'aikacin laburare zai sa ƙarfinsa, ko da zuciyarsa ta fi karkata ga wani abu.

Mataki na biyu shi ne a auna kafin a fara. Wannan ne aka fi mantawa, kuma idan babu shi duk abin da za a faɗa daga baya zance ne. Akwai misali mai sauƙin kwaikwayo. A watan Nuwamban 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Sam Wineburg, suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa dubban ɗalibai. An nuna wa 'yan ƙaramar sakandare shafin farko na wata mujallar intanet, sai fiye da kashi 80 cikin 100 suka ɗauki wata talla da aka biya kuɗi aka saka a matsayin labari na gaskiya, alhali an rubuta a jikinta cewa mai talla ne ya ɗauki nauyinta. Irin wannan gwaji bai wuce minti goma ba. Ma'aikacin laburare zai iya yi wa aji shi a makon farko, ya koyar da yadda ake barin shafi a je a binciki ko wane ne mai shi, sannan ya sake gwaji makamancinsa a makon ƙarshe. Bambancin da ke tsakanin sakamakon biyu shi ne abin da zai ajiye a kan teburi. Jihar New Jersey ta mayar da koyar da tantance bayanai wajibi a dukan azuzuwan makarantun gwamnati ta wata doka da gwamna Phil Murphy ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, kuma dokar ta sanya ma'aikatan laburare cikin masu tsara manhajar. Inda aka yi haka, aikinsu ya samu gurbi a rubuce wanda za a iya aunawa.

Na uku, kada ma'aikaci ya zama shi ne alƙalin kansa. Idan shi ya koyar, shi ya yi gwaji, shi ya ba da maki, duk mai shakka zai ce mai kaya ne ke yabon kayansa. Malamin aji ya kamata ya duba takardun, bisa ma'aunin da su biyun suka amince da shi tun kafin a fara, kuma ya fi kyau ya duba ba tare da sanin wace takarda ce ta farko wace ce ta ƙarshe ba. Idan makarantar tana da azuzuwa biyu a mataki ɗaya, a fara da ɗaya a wannan zango, ɗayan ya jira zango na gaba. Ajin da ke jira ya zama ma'auni, kuma ba a tauye wa kowa haƙƙi ba tunda kowa zai samu rabonsa.

Na huɗu, a ajiye aikin yara. Rubutun da ɗalibi ya yi a farkon shekara, wanda ya kwafo daga shafi ɗaya na intanet, idan aka jera shi da wanda ya yi a ƙarshenta, inda ya haɗa majiyoyi huɗu ya nuna inda suka saɓa wa juna, ya fi kowane jadawali shiga zuciyar ɗan kwamitin makaranta. Takarda ce da zai riƙe a hannunsa ya karanta da idonsa.

Rajistar aron littattafai ma tana da amfani idan aka juya tambayar da ake yi mata. Jimlar littattafan da aka ara ba ta faɗin komai, domin yara 30 masu ƙwazo za su iya cika rajista yayin da 300 ba su taɓa ɗaukar littafi ba. Tambayar da ta dace ita ce: su wane ne ba sa zuwa, kuma su ne waɗanda ke baya a karatu? Idan ma'aikaci ya gano su, ya bi su, ya nemo abin da suke so su karanta, sannan ya nuna yadda adadinsu ya ragu da yadda makinsu ya motsa, ya kawo abin da na'urar ba da aro ba za ta iya ba. Sai dai nan akwai iyaka. Abin da yaro ya karanta sirrinsa ne, kuma ƙa'idar aikin laburare a Amurka ta daɗe da tsayawa a kan haka. A haɗa alƙaluma rukuni-rukuni, kada sunan yaro da sunan littafin da ya ara su fita daga ɗakin.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Shaidar da ta iso bayan an yanke shawara ba ta da amfani, domin tun ran gini tun ran zane. Shafi ɗaya a ƙarshen kowane zango, da harshen da shugaban makaranta ke amfani da shi a nasa rahoton, kuma ya isa hannunsa kafin a zauna kan kasafin shekara mai zuwa. Har da abin da aka gwada bai yi aiki ba a rubuta, domin rahoton da kullum nasara yake bayarwa ba a daɗe ana yarda da shi.

Nauyin shaida a kan wa yake?

Akwai haɗari a cikin wannan hanya, kuma bai kamata a rufe ido a kansa ba. Idan ma'aikacin laburare ya yarda cewa makin jarrabawa ne kaɗai ma'auninsa, zai wayi gari ya zama mai shirya yara don jarrabawa, ya bar abin da ya bambanta shi da sauran malamai. Yaron da ya gano a shekara 11 cewa yana son karatu don kansa, ko yarinyar da laburare ne kaɗai wurin da take samun shiru ta yi tunani, ba za su fito a sakamakon bana ba. Ana iya kusantar auna irin wannan ta hanyar tambayar ɗalibai a farkon shekara da ƙarshenta ko suna karanta abin da ba a tilasta musu ba, amma ba zai taɓa zama lamba mai kaifi kamar makin jarrabawa ba.

Haka kuma ma'aunin da ake ɗora wa ma'aikacin laburare ya kamata a ɗora wa wanda ya kore shi. Alƙaluman Houston ba su tabbatar da cewa laburare ba shi da amfani ba. A makarantun da aka soke muƙamin an sauya manhaja, an sauya tsarin albashi, an sa malamai sun sake neman aikinsu, an tsananta sa ido a cikin aji, duk a lokaci ɗaya. Malamai da yawa sun bar aiki, yawan ɗalibai ma ya ragu. A cikin wannan cakuɗa babu mai iya ware abin da rufe laburare ya ƙara ko ya rage, kuma mai yiwuwa makin ya fi haka tashi da an bar shi. Raunin da ake zargin binciken Colorado da shi, shi ne raunin hujjar Miles. Bambancin kawai shi ne shi yana da ikon yanke hukunci, ma'aikacin laburare ba shi da shi. Aikin 'yan jarida da iyaye ne su tilasta wa mai iko ya kawo shaida daidai da wadda yake nema daga na ƙasa da shi.

Abin da ya shafe mu

Muhawarar Amurka a kan kujerar da ake da ita ake ƙoƙarin sokewa ne. A yawancin makarantun gwamnati na Arewacin Najeriya ba a ma kai ga samar da kujerar ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce wajibi ne masu makarantu su tanadi laburare mai aiki, akwai majalisar yi wa ma'aikatan laburare rajista da dokar 1995 ta kafa, jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna yaye ɗalibai a wannan fanni duk shekara. Amma abin da mai ziyartar makarantu ya fi tararwa shi ne ɗaki a kulle, makullin yana aljihun wani malami da aka ɗora wa aikin a kan darussansa, littattafan kuma suna cikin kwalayen da aka kawo su, ana tsoron a buɗe su ɓace a tuhumi wani.

Dalilin yana da alaƙa da abin da ya faru a Houston: abin da ake iya ƙirgawa shi ake ba kuɗi. Gini ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, ana yanke masa ƙyalle, ana rubuta sunan ɗan majalisa a jikinsa. Albashin ma'aikacin da zai buɗe ginin kullum ba ya shiga hoto. Saboda haka rahotannin hukumomin ilimi suke cike da adadin gine-gine da adadin littattafan da aka raba, ba a cika ganin adadin yaran da suka iya karatu ba.

Kayan awon kuwa suna nan da Hausa. Gwajin karatun ƙananan azuzuwa da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010, inda ake ba yaro gajeren labari a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, ya nuna cewa mafi yawan yaran da aka gwada ba su iya karanta kalma ko ɗaya ba. Wannan sakamako ne ya zaburar da shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa a jihohin. Gwajin yana buƙatar takarda ɗaya da agogon waya. Malamin da ke riƙe da makullin laburare zai iya yi wa aji ɗaya shi a farkon zango, ya buɗe ɗakin sau biyu a mako, ya bar yara su tafi gida da littafi, ya sake gwadawa a ƙarshe, ya kai sakamakon gaban kwamitin kula da makaranta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

Ga matasan da ke bibiyar kasafin jihohinsu, wannan yana ba da tambayoyin da za a riƙa yi duk lokacin da aka ga “gina laburare” ko “sayen littattafai” a cikin takardar kasafi ko aikin mazaɓa. Wa aka ɗauka ya kula da shi, kuma a wane layi albashinsa yake? Kwana nawa ake buɗe shi a mako? Kalma nawa yaran aji uku na makarantar suke karantawa a minti kafin a gina shi, nawa suke karantawa bayan shekara guda? Jami'in da ya kasa amsa ta ƙarshen bai auna ba, kuma ya kamata a rubuta hakan a cikin labarin.